Hoton da Ban Kai Miki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan sallama da gaisuwar ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ne Mamman, babbanki. Akwai maganar da na riƙe tun zamanin Nasara, yau zan sauke ta.

Kin tuna shekarar da mai ɗaukar hoto ya zo Magariya daga Kano, ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa? Lokacin na bar lakwal, makarantar boko, a Damagaram ban ƙare ba, amma da guntun faransancina na zama komi, wato akawu, a wajen awon gyaɗa. Babu wanda ya kama mini hannu. Ƙanena Ilu kuwa yana Sassumbrum tare da ke, yana noman gonar marigayi Baba.

Ni na ja shi muka je. Mai hoton ya ce iri biyu yake yi: baƙi da fari, ko kuma ya tsoma shi a wani ruwa ya fito ja-ja, kamar ruwan goro. Na zaɓi baƙi da fari, don irinsa na gani a bangon biron kumandan, ofishin Baturen mulki. Ilu ya zaɓi jan, wai ya fi kama da ƙasar gona. Na yi masa dariyar ƙauyanci har mutane suka waiwayo.

Da muka kawo miki, nawa kika fara karɓa. Farin kwat, hula a karkace, alƙalami a aljihu. Kika juya shi, kika ce, "Madalla, ma'aikaci." Shi ke nan fa, Inna. Kalma biyu.

Na Ilu kuwa, da tsohuwar taguwarsa, kika kai shi bakin ƙofa wajen haske, kika daɗe. Kika ce, "Ga Malam ya dawo," wato Baba. Kika share ido da bakin zane. Nasa ya shiga cikin kwallarki, inda kike ɓoye turare. Nawa aka soke shi a jikin zana, rana ta ci shi.

Ga abin da ba ki sani ba. Kasuwa ta gaba na koma wurin mai hoton ni kaɗai. Na tuɓe kwat, na ari taguwar wani ɗan dako, na ce a yi mini ja. Na ɗauka launin ne ya saye zuciyarki.

Ya fito ja ɗin kuwa, sarai. Na duba goshi, na duba ido, na duba baki. Babu Baba ko kaɗan. Mamman ne kawai cikin rigar aro. Shi ya sa ban kai miki ba. Yana nan a ƙasan adakata, ko 'ya'yana ba su taɓa ganinsa ba.

Na yi miki soro, na kai ki Makka, kin sa mini albarka, ban musa ba. Amma kallon nan na bakin ƙofa, Ilu ya same shi a banza, da fuskar da bai yi wahalar komai a kanta ba. Har yau in ya zo gaishe ni, tsoho da shi, sai na kau da ido daga fuskarsa. Ba laifinsa ba ne, na sani. Sanin bai rage komai ba.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ya yafe mini wannan ƙyashi. In kuma ya tara mu a can, ni da Ilu muka shigo tare, don Allah, Inna, ki fara ɗaga ido wajena.

Ɗanki na fari,
Mamman