Giwayen da Ka Kai Ni Gani

Zuwa ga maigidana, Malam Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ka saba samu a wurina, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan Hotoro lafiya lau, sai ciwon ƙafar nan da ka bar ni da shi.

Dalilin wannan takarda, autar jikokinka ce ta dawo daga makaranta da hoton giwa, ta tambaye ni ko na taɓa ganinta ido da ido. Na ce na gani. Ta ce wa ya kai ni? Sai na tashi na shige ɗaki.

Ka tuna zamanin da kake tuƙa manajan kamfanin alewa a Bompai. Duk bazara sai ka kai shi gandun dajin Yankari shi da iyalinsa, ka dawo rigarka na ƙamshin minti, bakinka cike da labarin giwaye. Abokan aikinka har suka laƙaba maka Na-Giwa. Ni ma ina amarya dariya nake maka, ina cewa kana ƙara gishiri.

Sai shekarar da muka rasa ɗanmu na fari. Ko arba'in bai yi ba. Na ci gaba da wankan jego ba jariri a ɗaki. Na daina magana, abinci sai an matsa mini. Jiniyar kamfanoni ta yi ta safe, ta yi ta yamma, ina zaune inda ka bar ni. Ban zubar da hawaye ko ɗigo ba, abin da ya fi tsorata mutane ke nan.

Inna ta zo daga Ringim ta ce gida za ta tafi da ni, sai ranar da na warke, in na warke. Ka durƙusa a gabanta ka ce, "Inna, ku ba ni aronta na 'yan kwanaki. In ta dawo a haka, da kaina zan kawo muku ita."

Ka ɗauki hutu, ka ari akori-kurar abokinka da ke aiki a Sharada, muka kama hanyar Bauchi. Kai kaɗai kake ta surutu. Ka saya mini fura a Birnin Kudu, ta yi tsami a kan cinyata ban kurɓa ba.

Ranar farko aka ɗora mu a buɗaɗɗiyar motar shiga daji, mu da wasu Turawa masu kyamara da ɗan rakiya mai bindiga. Muka ga gwanki, muka ga mugun dawa yana gudu jela a sama. Giwa kam babu. Kai kuwa sai gumi kake, kana nuna mini kashinta a kan hanya kamar ka tsinci zinariya, kana cewa, "Kin gani ko? Ɗanye ne sharaf!"

Da muka koma masauki, gwaggon biri ya fizge ƙullin dambun naman da Inna ta ba mu. Ka bi shi da takalmi ɗaya a hannu, ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallonka. Kowa ya fashe da dariya. Ka waiwayo ka duba ko ni ma na yi. Malam, na ga yadda fuskarka ta koma.

Washegari da hantsi muna kusa da kogi, direba ya kashe mota. Ga giwaye nan suna saukowa shan ruwa, ba ƙarar tafiya, sai ɓallewar rassa. Ashe ba ka ƙara gishiri ba, ragewa ma ka yi.

Wani ɗan ƙarami a cikinsu ya zame ya faɗa taɓo. Yana yunƙuri yana ƙara nutsewa, yana wani irin kuka. Uwar ta zura hannunta ƙarƙashin cikinsa, ta tokare shi da ƙafa, sauran suka kewaye su. Ta ja, ya suɓuce. Ta sake ja. Da ya fito, jikinsa na rawa, ya shige tsakanin ƙafafunta ya kama nono.

Nan kuka ya ƙwace mini, mai ƙarfi, irin wanda ban san ina da shi ba. Uwar ta juyo ta baza kunnuwa tana kallon motarmu. Ɗan rakiya yana ta yi maka alama da hannu ka sa in yi shiru. Kai da ko hannuna ba ka riƙewa a gaban mutane, sai ka lulluɓe ni da babbar rigarka, ka rungume ni, ka ce masa a hankali, "Ƙyale ta. Abin da muka zo nema ke nan." Giwar ta daɗe tana dubanmu, sannan ta tura ɗanta gaba suka shige kurmi.

Bayan azahar muna zaune a bakin ruwan ɗumi na Wikki, ƙafafuna a ciki, na ce, "Malam, yunwa nake ji." Ka zabura ka tafi ba takalmi. Ka dawo da shinkafa da miya, ka zauna kana kallona ina ci, hawaye na bin gemunka.

Da muka dawo Kano, Inna ta dube ni sau ɗaya, ta ɗaure kayanta ta koma Ringim ita kaɗai. Bayan nan Allah ya ba mu Ummi da ƙannenta. Duk tsawon zamanmu, ba baƙon da ya zo gidan nan bai ji labarin birin nan ba. Amma na kukana, ko 'ya'yanka ba ka taɓa faɗa wa ba.

Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ka riga ni isa wurin yaronmu. Ka riƙe mini shi kafin in iso.

Wassalam.

Matarka,
Binta