Kaset Mai Jan Ɗigo

Nasarawa, Birnin Kebbi

Zuwa ga ƙanwata Laure,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Argungu. Ya ƙafar taki?

Albishirinki! Mubina, matar marigayi ɗana Nu'uman, ta sauka jiya Talata, namiji. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci. Goshin yaron na ubansa ne sak.

Wata biyar ke nan da jirgin ruwa ya kife da Nu'uman a hanyar gonar Zauro, da wayarsa da duk abin da ke cikinta. Hotuna muna da su, murya ce babu. Kullum ina tuna lokacin da ya roƙe ni mu mai da shagona na hayar kaset wurin tura fim a waya. Na ƙi, na ce wa zai kalli fim a tafin hannu? Shago ya mutu, shi kuma ya koma noma. Da na yarda, da yana zaune a inuwa ran nan.

Ga roƙona. Akwai kaset ɗin bidiyon walimar saukarsa ta Alƙur'ani, inda ya yi karatu. Lokacin ban iya rubutu ba, da jan farce kala-kala nake ɗiga wa kaset alama. Na ɗiga wa wannan ja irin na finafinan faɗa, har na ba Tamba direba, maƙwabcinku, haya bisa kuskure. Bai maido ba. Ki taimaka ki tambaye shi. Na riga na yi wa Mubina alkawarin za ta ji muryar mijinta ranar suna.

Yayanki,
Abdussamadu

Zuwa ga Laure,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso ran Lahadi. Allah ya saka miki.

Na ga ƙwaryar kaset ɗin, da jan ɗigona, da zaren da kika naɗo a kara. Ban ga laifin Tamba ba. Kowa yanzu zare kaset yake yi ya ɗaura a gonar shinkafa don korar tsuntsaye, ni kaina buhu biyu na ba manoma. Sai dai ban taɓa zaton karatun ɗana ya yi damina uku yana kaɗawa a fadama ba.

Na kai wa Yari mai gyaran rediyo. Ya ɗaga zaren a rana, ya ce babu sauran komai a kai.

An yi suna jiya, yaro ya ci sunan ubansa. Na yi dariya da baƙi, na raba goro, kuma wallahi murnar ta gaskiya ce. Mubina ta aro na'urar bidiyo tun daga Zauro, ta goge ta, ta ajiye a ɗaki. Da mutane suka watse na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini jinjirin, ta ce to ni in karanta masa yadda ubansa ke yi.

Na buɗe baki, Laure, sai na tarar ni ma na fara manta yadda muryar take.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Abdussamadu