Lambar Motar Baba

Tsibiri, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Yo'el,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Hadassa da yara. Yaya Kwatano, yaya aiki? Na zaɓi takarda ne saboda in na kira ka a waya Baba yana kasa kunne.

Kwalin da ka tsinto cikin kayan gwanjo ya iso. Da na ga 'yar motar tsere ce gunduwa-gunduwa, na ce lalle Yaya ba shi da aikin yi, dattijon da ciwo ya shanye wa hannun dama ake aiko wa abin wasa? To, na janye maganata. Tsohon makaniki bai iya ganin mota a warwatse ya ƙyale. Hannun da lokotoron asibiti ya yi ta fama a motsa, shi Baba ya sa yana dafe ta har ya haɗa ta, ya shafa mata shuɗin fenti.

Matsalar ta zo ne daga takardar da ke ciki, mai lambobi da ratsi-ratsi. Ka san mu da sitika, a sa farce a ɓamɓare a manna, kamar ta 'yan kabu-kabu. Baba ya nace da dama zai ɓamɓare. Lambar farko ta yage, ta biyu ta marmashe. Ya ture motar, ya ce hannun ya mutu, mu daina yi masa ƙarya. Na kai takardar wurin mai sitika a Sabon Gari, shi ma ya kankara ya kasa, amma Baba ya ce lallashinsa nake yi. Yanzu ya cusa hannun cikin riga, ko gashin ruwan ɗumi sai Inna ta yi da gaske. Tsoro nake ji, Yaya, in ya bar shi haka zai ƙage.

Ka sa mu cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Ruhama

Tsibiri, watan Mayu

Zuwa ga Yaya Yo'el,

Bayan gaisuwa da fatan duk kuna lafiya, ka kwantar da hankalinka, kada ka taso. Mun gode Allah.

Inna ce ta fusata. Ta kawo ruwan gashi Baba ya kau da kai, sai ta ce takardar nan ce ta jawo mana tsiya, ta fizge ta daga kan tebur ta jefa cikin kwanon ruwan, wai ta zubar da su tare. Ina cikin ba ta haƙuri na ga Baba ya ƙura wa kwanon ido. Lamba bakwai ta saki takardar da kanta, tana yawo saman ruwa kamar ganye, ko tsaga babu. Ashe jiƙa su ake yi. Duk wahalar nan da muka sha, da ni malamar lakwal mai koyar da yara, da mai sitika, ba wanda ya tuna da ruwa.

 Baba ya jawo motar ya riƙe da hagu, ka ga kuwa saura hannu ɗaya. Ya fito da na daman daga riga, ya tsoma yatsa ya ɗauko lambar, ya zame ta a hankali kan ƙofar motar. Ni da Inna ko numfashin kirki ba mu yi ba. Ya ce a ƙaro ruwan ɗumi, haka ya yi ta tsoma hannu yana manna ratsin har la'asar, gashin da ya ƙi ya yi shi bai sani ba.

Lambar dai ta ɗan karkace, ka kuwa san ni da son gyara. Yana gama manna ta na miƙa yatsa zan daidaita ta tun ba ta bushe ba, sai ya buge mini hannu. Da daman, Yaya, kuma ya yi zafi. Na fashe da kuka, Inna ta hau shi da faɗa wai ya doki babbar mace, na kasa gaya mata cewa ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba.

Ka gaida Hadassa da yara. Allah ya saka maka da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ruhama