Sunan Kakanmu a Ƙasan Zanenka

Ƙanena Bello,

Sallama mai ƙamshin ƙasar Tambuwal bayan ruwan fari. Ina lafiyarka, da iyali, da sanyin Turai?

Na ga hoton zanenka da aka rataya a can: kakanmu ɗauke da Baturen mulki a wuya, yana ƙetarar da shi rafi a hanyar Kebbe. Na yi hawaye, har sai da aka fassara mini rubutun ƙasansa: "Wani baƙar fata."

Bello, ni na ba ka amanar labarin nan. Bature ya hau wuyansa bai tambayi sunansa ba, amma kai jikansa ne. Rubuta Ummaru Jabo.

Gaishe da Hajara. Ku yi masa addu'a.

Yayanka,
Sani