Ban Harba Ba, Aai

Bombay, Fabrairu 1946

Aai, mahaifiyata,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Ƙanwata Shalu ta sauka lafiya?

Kada jaridu su tsorata ki, boren ya ƙare, ina nan da raina. Ƙananan sojojin jirgin ruwanmu ne suka gaji da shinkafa mai tsakuwa, suka sauke tutar Turawa. Kyaftin ya miƙo min bindiga, wai in harbi jagoransu, Gulzar. Shi kuwa ya buɗe ƙirji ya ce, "Ƙaramin hafsa, harba mana, in za ka iya kallon idon uwarka!" Sai na ajiye bindigar.

An ce in zauna a ɗaki har a gama bincike. Hutu ne kawai. Ko sun karɓe kakin, barcina nake yi lafiya lau.

Ki aiko min da mangwaronki mai yaji, ki sa min albarka.

Ɗanki,
Vasant