Na Kira Sunan Baba Namadi a Majigi

Alhamis, 2 ga Nuwamba, 1961. Tambuwal.
Abokina Ɗan'iya ya iso daga Sakkwato da injin majigin ubangidansa. Shekara biyu ban gan shi ba, amma dariyarsa tana nan yadda take tun muna kiwon awaki a Kebbe. Ya ce fim ɗin na ƙasar waje ne, ba mai jin yarensu, in riƙa lasifika ina faɗa wa mutane abin da ke gudana. "Kai ne malamin makaranta, Atta, bakinka anka sani." Na tambaye shi labarin mi ne. Ya ce na ban dariya ne. Na yarda.

Asabar, 4 ga Nuwamba.
Ba na ban dariya ba ne.

Lahadi, 5 ga Nuwamba.
Jiya layi ɗaya kawai na iya rubutawa. Bayan lisha anka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, gari duka ya fito, mata can baya. A cikin fim ɗin akwai wani abu mai siffar mutum, naɗe da likkafani, babu fuska. Duk wanda ya dafa wa kafaɗa, kwanansa ya ƙare, ko ina ya gudu. Da ya fara bayyana fili ya yi tsit. Wata mata ta yi salati ta faɗi. Masu tsire sunka bar wutarsu. Wani ya jefi ƙyallen da takalmi. Samari kuwa ihu suke: "Ka waiga! Ga shi nan bayanka!"

Sai anka nuna wani tsoho ya kulle ɗaki, 'ya'yansa na gadi a waje da sanduna. Ɗan'iya ya matso kunnena. "Mutane sun tsorata da yawa, za su watse. Sa mishi suna su yi dariya. Ce Namadi." Baba Namadi mahauci yana zaune gaba-gaba, kowa ya san shi da barkwanci. Na ce, "Ga Baba Namadi nan ya sa sakata!" Anka kwashe da dariya, shi ma har da buga ƙafa. Tsohon da ke cikin fim ɗin ya juya, ashe abin na zaune bisa tabarmarsa. Dariya ta yanke. Ni ban san haka za ta kasance ba. Ɗan'iya ya sani, ya nuna fim ɗin a garuruwa fuɗu.

Laraba, 8 ga Nuwamba.
Baba Namadi bai fito kasuwa ba. An ce zazzaɓi.

Jumma'a, 10 ga Nuwamba.
Ya rasu da hantsi. Allah ya jiƙansa. Na je jana'iza, sahun da na shiga ya buɗe dama da hagu. A maƙabarta na ji wani a bayana: "Wanga shi ya kira mishi mutuwa." Ban waiga ba.

Na san ajali na Allah ne. Na sani, ina koya wa yara haka. To mi ya hana ni cin tuwo?

Litinin, 13 ga Nuwamba.
Yara goma sha ɗaya ba su zo aji ba. Uwar ɗaya ta aiko a ce mini kar in sake ambaton sunan ɗanta a wurin kiran suna.

Talata, 14 ga Nuwamba.
Dattawa sun kira mu zauren mai unguwa. Na tafi da ƙarfin zuciya, don Ɗan'iya zai faɗi yadda anka yi. Da anka tambaye shi, ko kallona bai yi ba. "Ranka ya daɗe, ni inji nika juyawa. Magana ta Malam ce. Ni ban ma san marigayin ba." Bai san shi ba! Mutumin da ya ba mu balangu ranar da Ɗan'iya ya iso!

Na buɗe baki in yi magana, sai na tuna idan na faɗa ubangidansa zai karɓe injin, ga ɗiyansa uku ƙanana. Na yi shiru. Shi bai tuna komai nawa ba. Da yamma ya ɗaure kayansa a babbar mota, bai biyo ta gidana ba.

Hedimasta ya ce in tafi gida Kebbe har ƙura ta lafa. Ya faɗa da taushi, amma kora ce.

Asabar, 2 ga Disamba. Kebbe.
Ina taya Inna ɗaurin dawa. Ba ta tambaye ni komai ba, fura kawai take ƙara mini.

Zahara'u, ɗiyar marigayi da ke aure a Fakku, ta biyo ta nan. Na so in ɓuya, Inna ta ce in fito. Ta durƙusa daga nesa. "Malam, Baba tun damina shina tarin jini, ya hana mu faɗi. Daren nan ya dawo gida shina dariya, ya ce yau an sa shi a majigi." Na ce ko ta gaya wa dattawa. Ta ce ta gaya, ba wanda ya so ya ji. Bayan ta tafi na shiga bayan rumbu na daɗe.

Alhamis, 21 ga Disamba.
Ɗan'iya ya zo. Sallama uku ya yi kafin in fito. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Munka yi zancen dawa, da hanyar Tambuwal da ta lalace. Sau biyu ya fara, "Atta, ranar nan..." sau biyu na ce, "Ya wuce, Malam Ɗan'iya." Ban taɓa ce masa Malam ba. Ya ji, na ga ya ji.

Da ya tashi na raka shi bakin zaure, nan na tsaya. Ya ɗan jira, yana zaton zan taka masa har tasha kamar kullum. Sannan ya tafi.

Inna ta ce, "Kun shirya?" Na ce ba mu yi faɗa ba. Gaskiya ce kuwa. Na duba cikin raina ban sami fushi ba. Ban sami komai ba.

Gobe sussuka.