Wayata Ta Ce Wuta Ta Cika

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Ni, Njidda Maishanu na unguwar Yelwa, da hannuna nake wannan rubutu, kamar yadda malamar ajin manya ta umarce mu. Yau surukina Jamaluddeen ya zo duba matarsa Ikilima, 'yata, wadda ta haihu a gidana ranar Asabar. Ya kawo mini wata ƙaramar na'ura mai karanta mitar wuta. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya goge manhajar da ta zo da ita, ya zuba wadda ya shirya da kansa. Hatimin mita bai taɓa shi ba. Yanzu idan wuta ta cika, na'urar ce ke kunna firji da famfo. Idan ta yi ƙasa, ta kashe su. Ƙarfin wutar kuma yana fitowa a wayata.

Yana durƙushe, kai a ƙasa, ya yi dogon bayani da murya can ciki. Rabinsa ban ji ba. Dattijo ba ya ce wa surukinsa ya maimaita magana. Na ce, "Duk na gane."

Talata, 15 ga Afrilu

Layin wuta uku ne ke shiga gidan nan. Aisatu, uwar yarana, ta saba idan ɗaya ya yi rauni sai ta zare fis ta mayar wani. Wannan aikin gargajiya ne. Na sa wa akwatin kwaɗo. Ta ce, "Malam, kindirmon suna fa yana firji." Na nuna mata cewa zamani ya ci gaba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Tun jiya da safe ina garin Mutum Biyu, gayyatar dangi. Na nuna wa 'yan'uwa waya, na ce daga nan ina ganin gidana. Sun yi mamaki ƙwarai. Ana cikin haka Aisatu ta kira, wai tun jiya wuta ta yi ƙasa, firji a kashe, ina makulli? Yana aljihuna. Na duba waya a gaban jama'a, na ɗaga murya na ce, "Na'ura ta ce wuta ta cika." Na katse.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Tun daga zaure na ji tsamin.

Asabar, 19 ga Afrilu

An raɗa suna, Rukayya. Zoɓo aka raba. Gidan Maishanu, ranar sunan jikar fari, zoɓo! Yayar Aisatu, Furera, ta ɗaga kofi ta ce, "Shanun naku ja suke tatsowa bana?" Mata suka kwashe da dariya. Aisatu, wadda ta yi kwanaki tana tara madarar nan daga danginta, ta ce kawai, "Wuta ce, Adda." Ba ta dubi inda nake ba.

Da yamma Jamaluddeen ya durƙusa a bakin ƙofata. Ashe sabuwar manhajar a cikin gida kaɗai take magana da waya, ba ta bi ta intanet, kuma amfaninta ke nan. Abin da na riƙa nunawa a Mutum Biyu tsohuwar lamba ce ta safiyar da na fita. Ya ce, "Baba, laifina ne, ban yi bayani da kyau ba."

Alhali ya yi bayanin. Yanzu ma na tuna bakinsa yana faɗin "cikin gida". Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ban je aji ba. Aisatu tana kawo abinci, tana gaishe ni yadda ya kamata. Babu ƙari.

Laraba, 23 ga Afrilu

Likita ya taɓa cewa tafiyar safe tana da amfani ga mai shekaruna. Saboda haka ne na taka har rugar da ke bayan Nukkai. Tunda na riga na je, na sayo madara jarka guda, kada tafiyar ta tashi a banza. Na ratsa ta gaban majalisarmu da ita a kafaɗa, da babbar rigata. Sun gani. Su gani mana.

Aisatu ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana, ta daɗe tana kallona.

"Malam, sun tsarma maka ruwa."

Sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ban ga abin dariya ba. Amma na zauna a kan turmi har ta gama dafa ta.